Auren 'yan Fentikostal ya fi ɗorewa ne, ko dai ƙofar fita aka toshe?

Baban Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ni dai ina nan kan bakana: auren 'yan Fentikostal, wato Kiristocin coci-cocin da ke ƙarfafa baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, ya fi ɗorewa. Namijin da ya tuba da gaske ya bar gidan burkutu, ya bar bin mata, albashi ya fara isowa gida. A unguwarmu a Sabon Tasha na ga magidancin da da can sai an kwaso shi daga bakin kwata, yanzu shi ke tada yara addu'ar asuba. Ku je ku tambayi matarsa ko ta ji daɗin aure.

Maman Rifkatu: Baba, wannan gaskiya ne, amma ba Fentikostal suka fara hana giya ba. Mu a coci-cocin ECWA da COCIN tun zamanin iyayenmu ake sa mashayi a horo. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, kuma ta sulhunta gidajen da ba su ƙirguwa.

Baban Ishaya: Mama, bambancin yana wajen shiri. A cocin Deeper Life ba ka isa ka tunkari yarinya kai tsaye ba, sai ka bi ta kwamitin aure. Coci-coci da dama ba sa ɗaura aure sai an yi gwajin jini, na sikila da na ƙanjamau, an kuma zauna darasin aure. Gidan da aka haƙa wa tushe haka ba ya rushewa da ruwan farko.

Ladi: Baba, da girmanka, ka ce ɗorewa, ba ka ce jin daɗi ba. Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar cocin Dunamis a Abuja, aurenta bai mutu ba, ita ce ta mutu a Afrilun 2022. 'Yan'uwanta sun ce ta daɗe tana shan duka tana jiran Allah ya sauya halin mijin. A 2025 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Da a ce ana ƙirga auren da bai rabu ba, da nata yana cikin lissafin nasara. Ina da ƙawa da ta kai kuka wurin matar fastonsu da leɓe a kumbure, aka ce ta ƙara azumi, wai ruhun gidan iyayen mijin ne ke aiki. Ta koma. Ranar Lahadi ta shafa hoda ta zauna a layin gaba kusa da shi, kowa na cewa ga ma'auratan kirki. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai.

Fasto Bitrus: Ɗiyata, ba zan kare wanda ya ba ta wannan shawara ba. Muna yawan karanta wa mata Afisawa 5:22, a yi biyayya ga miji, mu tsallake aya ta 25 da ta ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. Ni mace ta zo mini da rauni, gidan iyayenta nake cewa ta tafi tukuna, mijin kuma ya sauka daga duk wani aikin coci.

Ladi: To Baba Fasto, in ta ce ba za ta koma ba fa?

Fasto Bitrus: A nan ne nake da nauyin baki. Malakai 2:16 na nan, Allah yana ƙin kisan aure. Rabuwar zama na yarda da ita. Saki kuwa, ba zan sa hannu ba.

Maman Rifkatu: Amma Fasto, manyanku ma ya same su. Auren Fasto Chris Oyakhilome, shugaban cocin Christ Embassy, da matarsa Anita a kotun Ingila ya ƙare, bai kuwa sauka daga bagadi ba. Talakar mace ce in ta fita ake cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a daina gaishe ta a bakin coci.

Baban Ishaya: Duk da haka ban janye ba. Gidajen da bangaskiya ta gyara sun fi waɗannan yawa.

Ladi: Wa ya ƙirga, Baba? Ƙawata har gobe tana cikin waɗanda kake lissafawa a gyararru.