Neman shawara: waya za ta iya taimaka wa ɗalibai su rage shaye-shaye?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ce ke kula da ofishin ba ɗalibai shawara a wata babbar makaranta, kuma abin da ke damuna shi ne, masu fama da ƙwaya, wiwi da sigari ba sa zuwa wurinmu, don gudun kada a gan su a bakin ƙofa. Ina tunanin gwada manhajojin waya da saƙonnin tes. Shin akwai hujjar cewa suna aiki, kuma ta ina ya kamata in fara?

Wani likita: Wa alaikumus salam, Malama. Hujja ta fi ƙarfi a ɓangaren sigari. A binciken txt2stop da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2011, kashi 10.7 cikin ɗari na masu samun saƙonnin ƙarfafa gwiwa sun daina sha har tsawon wata shida, alhali a rukunin da bai samu irin waɗannan saƙonni ba kashi 4.9 ne kawai. Ki fara da ASSIST, tambayoyi takwas na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ɗalibi zai iya amsawa a wayarsa ya ga matsayin haɗarin da yake ciki.

Wata malama: Ɗalibai kan zaci cewa kowa yana sha, kuma wannan zaton kansa yana jan su. Manhajar da ke kwatanta shan mutum da ainihin na takwarorinsa tana rage shan, ko da yake ragin ba shi da yawa. Amma ina roƙonki, 'yar'uwa, kada amsoshin su kai ga kwamitin ladabtarwa, domin ranar da ɗalibi ɗaya ya ji an tona asirinsa, sauran ba za su sake faɗar gaskiya ba.

Likitan ya ƙara: Wanda jikinsa ya riga ya saba da giya ko ƙwayar kwantar da hankali ta diazepam, yankewa lokaci guda na iya jawo masa jijjiga mai haɗari, don haka asibiti ya kamace shi. Ko manhajar reSET, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2017, an tsara ta ne a haɗa da kulawar likita.

Mai tambaya: Na gode, Dakta. Zan fara tanadar likitan da zan riƙa tura masu babban haɗari wurinsa kafin in raba tambayoyin.