Neman shawara: makirfon hedifon yana aiki a Windows, amma Ubuntu ba ta ganin sa

Mai tambaya, malamin firamare a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku kan wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako uku ke nan. Ina da laftof ta hannu da na sayo a Kano, na raba ta gida biyu, Windows 10 a ɓangare ɗaya, Ubuntu 22.04 a ɗayan, saboda horon rubuta manhaja da nake bi ta intanet, wanda kusan duk aikinsa a Ubuntu muke yi. Ramin sauti guda ɗaya gare ta, kuma hedifon ɗina yana da makirfo a jikin wayarsa. Idan ina Windows, ina ji, ana kuma ji na. Idan na shiga Ubuntu ina jin malami sarai, amma a saitin sauti babu abin da yake fitowa a ɓangaren ɗaukar murya sai makirfon jikin laftof ɗin.

Abin da ya sa lamarin ya dame ni shi ne, babu inda nake samun sabis mai ƙarfi a garinmu sai barandar makaranta, ga kuma injin niƙa a tsallaken hanya. Makirfon jikin laftof yana kwashe ƙarar injin da iskar hunturu gaba ɗaya. Ranar Asabar da ta wuce na tashi gabatar da aikin da na kwana biyar ina yi, malami ya ce in maimaita har sau uku, daga nan ya ba ni haƙuri ya wuce kan na gaba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Akwai wani abu da na lura da shi, ban san ko yana da amfani ba. Batirin ya yi rauni, kuma sau biyu da ya mutu murus da daddare, na kai shagon caji da safe na buɗe Ubuntu kai tsaye, sai na ga makirfon hedifon ya bayyana, washegari kuma ya sake ɓacewa. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai gyaran waya da kwamfuta daga Haɗeja:

Wa alaikumus salam Malam. Ka fara duba tsinken hedifon ɗin. Idan zobba biyu ne a jikinsa, sauraro kawai yake kaiwa. Mai ɗauke da makirfo zobba uku gare shi, wato ƙarfen ya kasu kashi huɗu. Masu zobba ukun ma iri biyu ne, CTIA da OMTP, kuma sun saɓa wajen kashin da makirfo yake bi. Tsofaffin wayoyin Nokia da yawa OMTP suka yi amfani da shi, na yanzu kuwa galibi CTIA ne. Ka kuma share ramin da tsinken sakace, a hankali, laftof tana kashe, domin ƙurar hunturu takan hana tsinken shiga har ƙarshe. Sai dai tun da ka ce yana aiki a Windows da wannan hedifon da wannan ramin, ina ganin laifin ba na ƙarfe ba ne, saboda haka kada ka yi gaggawar kashe kuɗi kan sabo.

Ɗalibar ilimin kwamfuta daga Dutse:

Malam, barka da ƙoƙari. Abin da ka ambata a ƙarshe kana shakkar amfaninsa, a ganina shi ne bakin zaren. Ina so ka tuna yadda kake tsallakawa daga Windows zuwa Ubuntu, domin ina kyautata zaton Restart kake dannawa, sannan ka zaɓi Ubuntu a jerin da yake fitowa.

Bayanin shi ne, a laftof mai rami ɗaya, cip ɗin sauti, wato ɗan ƙaramin sashen da yake kula da sauti a cikin laftof, shi ne yake tantance abin da aka soka, ko hedifon zalla ne, ko mai makirfo ne, kuma direban kowane tsari, wato manhajar da Windows ko Ubuntu take sarrafa cip ɗin da ita, yana rubuta masa nasa saiti yayin da ya tashi. Idan ka danna Restart wuta ba ta yankewa daga cip ɗin, don haka wani ɓangare na saitin da direban Windows ya rubuta yakan zauna a cikinsa, sai direban Ubuntu ya zo ya tarar da shi a yanayin da bai zata ba. Ranakun da batirinka ya mutu murus, cip ɗin ya rasa wuta ya manta komai, shi ya sa Ubuntu ta same shi a wanke ta ga makirfon.

Ko Shut down ɗin ma ba cikakkiyar kashewa ba ce. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka sa wani tsari mai suna Fast Startup, wanda yake adana yanayin tsarin a faifai domin kunnawa ta yi sauri. Ga mai Windows kaɗai abu ne mai kyau, amma ga mai tsari biyu yakan kawo cikas, har ma yakan sa Ubuntu ta ƙi ba ka damar rubutu a ɓangaren faifan Windows. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, ka zaɓi Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, sannan ka cire alamar da take gaban Turn on fast startup ka adana. Bayan nan ka kashe laftof ɗin, ka zare caja, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka kunna ka shiga Ubuntu kai tsaye. Wannan gwaji ba ya cin data ko kaɗan, shi ya sa nake so ka fara da shi kafin kowane.

Injiniya, ɗaya daga cikin dattawan zauren, daga Kazaure:

'Yata ta yi bayani mai kyau, kuma ina tare da ita. Abin da zan ƙara shi ne, a wasu laftof ɗin kashewar kaɗai ba ta wadatarwa, saboda Linux, wato tushen da aka gina Ubuntu a kansa, ba ta san cewa ramin na haɗin gwiwar hedifon da makirfo ba ne sai an gaya mata. Malam, ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `grep Codec /proc/asound/card*/codec*` domin ka san sunan cip ɗinka. Sannan ka rubuta `alsamixer`, ka danna F6 ka zaɓi katin sauti, ka danna F4 ka ga ɓangaren ɗaukar murya, ka tabbatar Capture a kunne yake kuma ba a ƙasa yake ba.

Idan har yanzu babu makirfon, kuma cip ɗin na kamfanin Realtek ne irin su ALC236, ALC255 ko ALC256, ka buɗe fayil ɗin `/etc/modprobe.d/alsa-base.conf` da umarnin gyara rubutu na `sudo nano`, ka ƙara wannan layi a can ƙarshe: `options snd-hda-intel model=headset-mode`. Ka adana, ka kashe, ka kunna. Idan bai yi ba, ka canza kalmar ƙarshe zuwa `headset-mic`, sannan `dell-headset-multi`, ɗaya bayan ɗaya. Ina roƙon ka da ka rubuta a takarda duk abin da ka taɓa, kuma kada ka share wani layi da ka tarar a fayil ɗin, domin idan sauti ya ɗauke gaba ɗaya, cire layin da ka ƙara shi ne zai mayar da kai inda kake, alhali mai gyara yana nesa da ku.

Mai tambaya:

Alhamdu lillahi, na dawo da labari. Tsinken zobba uku gare shi, na kuma fitar da ƙura daga ramin. Malama ta faɗi daidai, Restart nake dannawa kullum domin in rage ɓata caji. Na kashe Fast Startup, na bi matakan da ta zayyana, makirfon ya bayyana. Na gwada da gangan na shiga Windows na yi Restart zuwa Ubuntu, ya ɓace. Na kashe gaba ɗaya na kunna, ya dawo. Cip ɗin ALC256 ne kamar yadda Baba Injiniya ya yi hasashe, amma ban taɓa fayil ɗin ba tun da buƙata ta biya. Jiya da yamma na yi magana a aji injin niƙa yana aiki, malami bai ce in maimaita ba ko sau ɗaya. Abin da ya rage shi ne, idan na soka hedifon bayan na riga na shiga aji, muryata tana ci gaba da bi ta makirfon jikin laftof.

Injiniya daga Kazaure:

Madalla, Malam, kuma ka yi daidai da ka bar fayil ɗin yadda yake. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne. Ka riƙa soka hedifon kafin ka buɗe ajin, ka duba saitin sauti na Ubuntu ka zaɓi Headset Microphone, sannan ka duba saitin cikin manhajar taron, domin ita ma tana da nata zaɓin makirfo. Ranar da ka samu sabis mai kyau ka rubuta `sudo apt install pavucontrol`. Ƙaramar manhaja ce da ba za ta ci maka data sosai ba, kuma a shafinta na Input Devices za ka ga layin da yake motsi idan kana magana, ka tabbatar da makirfon da yake ɗaukar muryarka tun kafin malami ya kira sunanka.