3 Idiots: zuga yara ne ko tunatar da iyaye?

Kawu Sani: Jiya na tarar da Auta yana kallon 3 Idiots, fim ɗin Aamir Khan na 2009, na zauna muka ƙarasa tare. Dariya kam na sha. Amma fim ne mai koya wa yaro watsa wa iyayensa ƙasa a ido. Uba ya kai ɗansa Farhan karatun injiniya, abokinsa Rancho ya hure masa kunne wai ya tafi ɗaukar hoton namun daji.

Yaya Hadiza: Allah ya ƙara girma Kawu, amma Farhan bai gudu ba fa. Gaban mahaifinsa ya je ya lallashe shi har ya sauko. Uban da bakinsa ya ce a mayar da kwamfutar da ya sayo masa, a sayo kyamara. Ina bijirewa a nan?

Kawu Sani: Uban da ya saka esi a ɗakin yaron kaɗai, shi yana kwana cikin gumi, don ɗan ya samu yin karatu? Ba saukowa ya yi ba, Hadiza, haƙura ya yi. Mu iyaye mun san bambancin.

Baban Hanan: Ni ba nan matsalata take ba. Rancho ɗan mai aikin lambu ne, da sunan ɗan maigidansu ya yi karatun, takardar shaidar ma wancan aka kai wa. Duk da haka ya zama shahararren masanin kimiyya mai suna Phunsukh Wangdu a yankin Ladakh na Indiya, kamfanoni na neman sa ruwa a jallo. Zakaran da Allah ya nufa da cara kenan. To yaran da ke kallo, nawa ne Rancho a cikinsu? Mafi yawa irin Raju ne, abokinsu na uku: uba kwance jiki ya shanye, yaya ta rasa miji don ba su da motar da dangin ango ke nema. Wannan ka ce masa ya bi abin da ransa ke so?

Yaya Hadiza: Ai ba a ce wa Raju ya bar karatun ba, Baban Hanan. Shi injiniyan yake so, tsoro ne ya dabaibaye shi, yatsu duk zobban neman sa'a. Da ya cire su ya shiga ganawar neman aiki a keken guragu, gaskiya ya faɗa, aka ɗauke shi.

Baban Hanan: Bayan ya faɗo ta taga! Marubucin fim ɗin ne ya tashe shi.

Anti Binta: Kun manta ɗan shugaban kwalejin. Rubutu yake so, uban ya nace sai injiniya, yaron ya kashe kansa, aka ɓoye wa uban wasiƙar. Yaya Sani, a wurin nan ni ban yi dariya ba.

Kawu Sani: Wannan Indiya ce, Binta.

Anti Binta: Yaya, ko ba kai Baba ya tilasta wa aikin koyarwa ba, kana kuka kana son kanikanci? Har yau in janareto ya lalace ba ka barin kowa ya taɓa.

Kawu Sani: Kuma da albashin koyarwar na aurar da ke.

Auta: Kawu, tunda maganar ta taso, batun fom ɗin JAMB ɗina...

Kawu Sani: Likitanci muka cike. Ka zo bayan la'asar ka same ni.