Sa inshora ta biya kuɗin kula da yara masu galahanga: abin da masu aikin ke gani a Kaduna

Mai gyaran magana, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu aiki da yara masu lalurar galahanga, wato otizim. Iyaye na da inshorar lafiya, ana cire musu kuɗi a albashi, amma zaman gyaran magana daga aljihu suke biya, bayan 'yan watanni kuma sai ƙafa ta ɗauke. A ina takarda ke maƙalewa, kuma me ke sa ta wuce?

Jami'in teburin inshora na wani asibiti, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawanci tun a ƙofa ake yin kuskure. Asibitin da mai rajista ya zaɓa ana biyansa ƙayyadadden kuɗi kan kowane mutum, ya zo ko bai zo ba. Aikinku kuwa na mataki na biyu ne, ana biyansa ne aiki bayan aiki, kuma sai da takardar turawa daga wancan asibitin da lambar izini daga kamfanin HMO, wato kamfanin da ke gudanar da inshorar yana biyan asibitoci. Lambar kafin a fara zama ake karɓa. Idan kika yi zama shida sannan kika nema, waɗannan shidan sun tafi.

Sai a duba wace inshora ce. Ma'aikacin tarayya yana ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA), na jiha yana ƙarƙashin ta Jihar Kaduna (KADCHMA), ma'aikacin banki ko kamfani kuma abin da ke cikin yarjejeniyar kamfaninsu shi ke aiki. Ku sa iyaye su karɓo jerin abubuwan da inshorar ba ta biya, a rubuce. A nan ake samun jimlar da ke kashe magana, irin su "matsalolin jinkirin girma da na koyo". Kuma cibiyar da ba ta cikin jerin waɗanda inshorar ta amince da su, ko ma'aikacin da lasisinsa na MRTB, hukumar da ke yi wa masu irin aikinku rajista, bai sabuntu ba, ba a ma buɗe fayil ɗinsa.

Likitar yara, Malali:
Ni wajen rahoto zan tsaya, don a nan ne hannunmu ya kai. Mai duba takarda a kamfanin inshora bai taɓa ganin yaron ba. Idan ya karanta "yaro na buƙatar horo na musamman", sai ya ce wannan aikin makaranta ne, ba na asibiti ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

A fara da gwajin ji. Yaron da ba ya magana, tambayar farko ita ce ko yana ji, kuma ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa nan cikin garin Kaduna. Sannan tabbatar da lalurar daga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, a asibitin Barau Dikko, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko asibitin koyarwa na Shika, da lambarta a ICD, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya: F84.0 a ICD-10, ko 6A02 a ICD-11. Kada a tura sakamakon M-CHAT, takardar tambayoyin da iyaye ke amsawa kan ɗabi'un yaro, a matsayin hujja. Tantancewar farko ce kawai ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, mai duba takarda da ya san aikinsa zai dawo da ita.

Sai a faɗi abin da yaron ya kasa yi da kuma haɗarin da ke ciki: ba ya iya nuna yana jin ƙishirwa ko ciwo, abinci kala uku kawai yake ci har nauyinsa ya tsaya, yana buga kansa da bango. Bayan haka tsarin aiki mai farko da ƙarshe, misali zaman minti 45, sau 2 a mako, na mako 12, a sake aunawa. Buri ya zama abin ƙirgawa: ya nemi abu da kalma ko hoto sau 8 cikin 10. Idan akwai farfaɗiya ko rashin barci, a rubuta kowanne daban da lambarsa, kada a dunƙule su.

Mai wata cibiya, Barnawa:
Likita, wasu na rubuta "jinkirin magana" kawai su ɓoye galahangar, kuma wani lokaci takardar na wucewa. Ba shi ya fi sauƙi ba?

Likitar yara, Malali:
Alhaji, sauƙin na wata uku ne. Jinkirin magana ana sa ran ya warware, to da ka nemi ƙarin zama karo na biyu za a tambayi dalili, fayil kuma ya saɓa wa abin da ka rubuta. Ga lasisinka cikin haɗari. Abin da ya fi damuna ma, idan kowa ya ɓoye, kundin inshora zai nuna babu yara masu wannan lalura a Kaduna. Da me za mu je mu yi magana?

Mai koyar da ayyukan yau da kullum, Sabon Tasha:
Nan Likita ta taɓo inda ke ƙaiƙayi. Duk ƙin biya, a nemi a ba da shi a rubuce da dalili. "Ba ma biyan wannan" ta waya ba hujja ba ce. A ajiye kwanan wata, irin inshorar da dalilin, a cire sunan yaro, cibiyoyi su haɗa nasu wuri guda.

Dokokin da za a jingina da su akwai: dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, dokar NHIA ta 2022 wadda ta wajabta inshorar lafiya ta kuma tanadi asusun masu rauni, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023. Amma kada a shiga ofis ana cewa doka ta tilasta a biya zaman gyaran magana. Ƙofar tattaunawa suka buɗe, sauran aikin namu ne. Ko a Amurka jiha-jiha aka bi kafin a wajabta wa inshora biyan kuɗin kula da galahanga: Indiyana ta fara a 2001, sai a 2019 aka cike jihohi 50.

Kuma a je da lissafi. Hukuma na son ta san nawa yaro ɗaya zai ci a shekara, don haka a nemi ƙaramin ƙunshi mai iyaka: tantancewa, gwajin ji, zama 24, da horar da iyaye su ci gaba a gida. Wanda ya nemi awa 30 a mako irin na ƙasashen waje, da shayi kawai za a sallame shi. Ga ma'aikatan kamfanoni, hanya mafi kusa ita ce ofishin kula da ma'aikata lokacin sabunta yarjejeniya, don mai biyan kuɗi shi HMO ke saurara.

Jami'in teburin inshora, Tudun Wada:
Ƙari ɗaya, Malama. Ko an ba da izini, kuɗi na iya maƙalewa wajen neman biya. Kowane zama ya kasance da kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, abin da aka yi, da sa hannun uwa ko uba. Lambar izini na da adadin zama da wa'adi, ki nemi sabuwa tun saura zama biyu, ki haɗa da rahoton ci gaba. Takardun neman biya kuma ki miƙa su cikin wa'adin da ke yarjejeniyarku, ki riƙe kwafi mai tambarin karɓa.