Ɗaliban ungozoma: yaya kuka samu wurin koyon aiki?

'Yar aji biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah kowa ta faɗi abin da ta gani da idonta. A aji an koya mana a saurari bugun zuciyar jariri duk bayan minti 30 a matakin farko na naƙuda, a rubuta nan take. Da muka shiga ɗakin haihuwa sai na tarar wani lokacin sai an haihu ake cike takardar. Na yi tambaya, aka ce in bari sai na ƙware tukuna.

'Yar aji uku: Wa alaikumus salam ƙanwata. Yawanci ƙarancin ma'aikata ne, ungozoma ɗaya ga masu naƙuda birjik. Amma kada ki saki abin da aka koya miki, bugun da ya sauka ƙasa da 110 ko ya haura 160 a minti ɗaya ba ya jiran kowa. Ni Allah ya haɗa ni da wata sista a aikin dare. Ba ta taɓa barina tsaye ina kallo ba. Hannunta kan nawa na yi allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke don hana zubar jini, da zarar jariri ya fito, na jawo mabiyiya a hankali, na duba ko ta fito cikakkiya, na shafa mara har na ji mahaifa ta yi tauri. In da gyara, sai mun koma gefe take faɗa mini. Yawancin abin da hannuna ya iya yau, a wurinta na samu.

Wata 'yar aji biyu: Kin dace, Anti. Ni a gaban mai naƙuda aka daka mini tsawa. Daga nan baiwar Allah ta ce kar in sake taɓa ta, kuma ban ga laifinta ba. Mu da yawa mun daina tambaya, abin da na fi jin tsoro ke nan.

'Yar aji ɗaya: Mu ɗakin gwaji ne matsalarmu. 'Yar tsanar koyon farfaɗo da jariri ba ta isarmu, kafin layi ya zo kanki lokaci ya ƙare. Alhali an ce jaririn da bai yi numfashi ba, cikin mintin farko ake so a fara ba shi iska.

'Yar aji uku: Ku haɗu ku roƙi malamarku ta buɗe muku ɗakin bayan an tashi, ku riƙa shiga rukuni-rukuni. Mu haka muka yi, kuma ta amince.