Waya ɗaya, yara 90: za ta yi amfani a aji ɗaya kuwa?

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, don Allah shawara nake nema. Aji ɗaya nake riƙewa a wata firamaren gwamnati nan wajen Ɗorayi a Kano, yaran da ke rajistata sun kai 90, wasu a benci wasu a ƙasa. Satin da ya wuce aka tura mu bita, mutumin ya yi ta nuna mana majigi da allo mai taɓawa wai haka ake koyar da ƙananan yara yanzu, ni dai ina zaune ina kallonsa don ajina ko soket babu balle wuta, abin da na mallaka 'yar Tecno ɗita ce ita ma gilashin ya tsage. Akwai wanda ya taɓa gwada koyarwa da waya a irin ajinmu ya ga amfani, ko dai zancen bita ne kawai a ci shinkafa a watse?

Malam Nasiru Kurna:
Wa alaikumus salam Malama. Ni shekara biyu ke nan ina yi, amma ki cire batun kallo daga ranki, yaro 90 ba za su ga fuskar waya ɗaya ba, kina ɗaga ta za su taso su danne na gaba sai kuka. Kunne za ki kama. Na shiga kasuwar waya ta Farm Center na sayi 'yar MP, wato ƙaramar sifika, mai bulutut da memori, da daddare in yara sun yi barci sai in naɗi muryata ina furta sautin baƙaƙe, ba bi bo bu be, ka ki ko ku ke, in bar ɗan shiru a tsakani don su maimaita. To kin ga da safe MP na can tana yi, ni kuma na samu hannu ina zagayawa layi layi ina duba wanda ya riƙe fensir a karkace da wanda bakinsa kawai yake motsawa ba ya faɗar komai, abin da a da ba na iyawa don ina maƙale a gaban allo ina ta ihu har murya ta dishe. Minti goma ya isa, in ya wuce haka sun fara tsokanar juna. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na naɗi wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba tana ƙirga ɗaya zuwa ashirin, na kunna mata ta ji kanta, wallahi tun daga ranar kullum hannunta a sama. Caji kuma wajen mai caji na bakin layinmu nake kaiwa. Ki dai sanar da hedimasta tukuna, kar ya leƙo ya gan ki da waya ya ɗauka cati kike.

Baba Malam Mai Ritaya:
'Yata, shekara 35 na yi ina cin alli. Ban ce na'ura haramun ba ce, amma yaro ɗan shekara shida hannunsa ne yake buƙatar koyo, ya ja layi ya goge ya sake ja. A 2020 da aka rufe makarantu saboda korona ai an yi ta darasi a rediyo a garin nan, jikokina sun haddace waƙoƙin tsaf, da na miƙa musu takarda na ce su rubuta sunansu sai zare ido. A fara sama wa yaran benci da littafi.

Malam Nasiru Kurna:
Allah ya ƙara girma Baba, ai ba mu saɓa ba. Ni ma MP ba ta hana kowa rubutu a ajina, ita ce ma ta ba ni damar kama hannun yaro.

Maman Ihsan:
Ni ba malama ba ce uwa ce, bari in sa baki. Malamar 'yata ta buɗe mana guruf a WhatsApp, duk Alhamis tana turo saƙon murya na minti biyu, ga abin da muka yi wannan satin ga abin da za ku tambaye su a gida, kuma gaskiya ya taimaka don da yawanmu iyaye mata in rubutu ne ba za mu karanta ba amma murya kowa zai ji. Matsalar ita ce wasu gidajen wayar ta maigida ce, yana kasuwa tun safe sai dare, ga kuɗin data. Sannan don Allah malamai ku daina ɗaukar yaran mutane bidiyo kuna ɗorawa a TikTok ana dariya don sun kasa karatu, wannan abin yana min ciwo, in za ki ɗauki ɗana ki tambaye ni.

Abdul Ɗan NCE:
Anti ga abu biyu na kyauta. Akwai manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, akwai darussan firamare a ciki har da na Hausa. Sai African Storybook, gajerun labarai ne masu hoto na yara kuma akwai na Hausa, ki sauke lokacin da kike da data, ki kwafe labarin a kwali da alƙalamin maka ki manna a bango. Kuma ki sa kibod ɗin Hausa a Gboard, manhajar rubutu ta waya, saboda ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ki rubuta baƙi ya fito baki, ƙasa ta koma kasa, yaro kuma abin da ya gani shi zai ɗauka.

Malama Hauwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, alli na nan ba inda za shi. Maman Ihsan in sha Allahu ba hoton ɗan kowa. Malam Nasiru wace iri ce MP ɗin taka, tana kaiwa har layin baya? Don ajina a jikin titi yake, masu adaidaita ba sa raga mana da hon. In albashi ya shigo ranar Asabar zan leƙa Farm Center ɗin.