Laftof na daskarewa: direban hoto ne, zafi ne, ko katin ne ya mutu?

Maigyara_Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani a kan teburin gyara game da laftof mai daskarewa saboda ɓangaren hoto, domin fomatin ɗin da ake yi wa mutane ba gaira ba dalili ya yi yawa, kuma bayan kwana biyu ciwon ya dawo. Ga inda nake farawa. Idan allo ya tsaya cak, kafin a danne maɓallin kashewa a latsa Caps Lock. In fitilarsa na kamawa tana mutuwa, ko sauti na ci gaba da fita daidai, to na'urar na raye, hoton ne kawai ya maƙale. Sai a danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za a ji 'yar ƙara, allo ya ƙifta, direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, ya sake tashi. In ta dawo da haka, an kama bakin zaren. In kuwa Caps Lock ma ya sandare, sautin ya riƙa nanata wuri ɗaya, sai a faɗaɗa bincike.

Injiniya_Zazzau

Wa alaikumus salam Malam. In ƙara da cewa Windows tana ajiye shaida, mutane ne ba sa dubawa. Tun daga Vista akwai tsarin da ake kira TDR: in katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows za ta tayar da direban da kanta. Shi ne allo ke yin baƙi na ɗan lokaci ya dawo. A buɗe Event Viewer, a shiga Windows Logs, sannan System, a nemi lamba 4101 a daidai lokacin da abin ya faru. Sunan da ke jikin saƙon shi zai faɗi mai laifi: nvlddmkm na Nvidia ne, mai farawa da igfx na Intel, mai farawa da ati ko amd na AMD. In tayarwar ta ci tura, sai shuɗin allo ya fito da VIDEO_TDR_FAILURE, lambarsa 116. A Reliability Monitor kuma ana ganin LiveKernelEvent 141.

Kernel-Power 41 kam kada ya ruɗi kowa. Abin da yake cewa kawai an kashe na'urar ba ta hanyar da ta dace ba, ko kai ka danne maɓallin da hannunka zai rubuta shi.

Ummu_Kwamfuta

Sannunku da ƙoƙari. In an ga 4101, ɗora sabon direba a kan tsoho ba ya cika warkarwa, saboda ragowar tsohon na nan a ƙasa. Ga tsarin da ke aiki. A fara sauke direbobin katunan hoto duka biyu, na Intel da na Nvidia ko AMD, da manhajar DDU mai goge direban hoto gaba ɗaya, a ajiye. A cire intanet gaba ɗaya, in ba haka ba Windows Update zai yi wuf ya cusa nasa da zarar an goge. A riƙe Shift a danna Restart, a bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, a danna 4 don shiga Safe Mode. Idan na'urar na da BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan cikinta, a tanadi makullin mai lamba 48 tukuna, don tana iya tambaya. A goge na Nvidia ko AMD da DDU, a goge na Intel, a sake kunnawa.

Wajen sakawa, na Intel ne farko, sannan na Nvidia. Dalili shi ne a yawancin laftof masu kati biyu, allon yana haɗe ne da na Intel. Na Nvidia aikin nauyi kawai yake yi ya miƙa wa na Intel ya nuna. Shi ya sa daskarewa ke yawan zuwa a daidai lokacin miƙa hannun nan: an buɗe wasa, an cire caja, ko an ɗaga murfi bayan barci. Kuma a fara gwada direban da ke shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ko da ya tsufa, domin shi aka daidaita da wannan bod ɗin. Sabo ba kullum ne ya fi ba.

Maigyara_Kano

Haka ne Hajiya. Abubuwa uku ƙanana da ke biye da wannan. A kashe Fast Startup, saboda da shi Shut down ba ya sauke direba daga tushe, ajiye shi yake yi ya dawo da shi yadda yake. In daskarewar a Chrome kawai take zuwa, musamman kan bidiyo, a shiga Settings, System, a kashe saurin hoto, wato graphics ko hardware acceleration, a gwada kwana biyu. In kuma a kan batir kaɗai take yi, a kashe Panel Self Refresh a manhajar hoto ta Intel.

Mai_Sukundireba_Maraɗi

Malamai, duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma a ƙasarmu zafi da ƙura sun fi direba ɓarna. Alamarsa ba ta ɓuya: laftof na lafiya lau da safe, sai an yi minti 15 ko 20 ana aikin bidiyo ko wasa ta sandare, fanka na ihu amma in ka kara hannu a mafitar iska ba ka jin komai sai ɗan huci. A saka HWiNFO64, manhaja mai nuna zafin na'ura, a bar shi a buɗe. Katin Nvidia na laftof yana fara rage gudu ne a wajen digiri 87, furosesan Intel kuwa iyakarsa kusan 100. In ana taɓa waɗannan lambobi cikin 'yan mintuna, a ajiye maganar direba a ɗauko sukundireba.

In an buɗe, a fara zare igiyar batir daga bod kafin a taɓa komai. A cire fankar kanta, kada a tsaya hura iska daga waje. Tsakanin fanka da haƙoran tagullan da ke kwashe zafi za a tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar tsumman bargo, bayan hunturu ɗaya ma tana iya toshe su ruf. Da ɗan hantsaki ake ɗago ta, takan fito a haɗe. In za a hura fanka a riƙe fukafukanta da yatsa, don juyawa fiye da kima na lalata ta.

Sai man sanyaya da ke tsakanin tagullan da ƙwayar furosesa ko ta katin hoto. Tsohon yakan bushe ya yi kamar alli, yana farfashewa. A goge da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, har ƙwayar ta yi ƙyalli kamar madubi. Sabon a shimfiɗa shi siriri ya rufe ƙwayar duka, tunda ta laftof ba ta da murfin ƙarfe, kusurwar da ba ta samu ba za ta ci wuta. Inda yara ke kuskure shi ne 'yan katifun da ke kan ƙwayoyin ma'ajiyar hoto. Akwai na rabin milimita, na 1, na 1.5. In aka sa mai kauri a gurbin siriri, tagullan zai ɗage bai zauna a kan katin ba, zafi ya fi na da. Notuna kuma a bi lambobin da aka rubuta a jikinsu, a ɗaura kaɗan-kaɗan ana zagayawa.

Ɗalibin_Gyara

Oga, ni na ga ana ƙara TdrDelay, wato lokacin da Windows ke jiran katin, a cikin rajistar Windows zuwa daƙiƙa 10 ko 60, kuma saƙon 4101 yana dainawa. Sannan wasu na gasa katin da iska mai zafi ya tashi. Me kuka gani?

Injiniya_Zazzau

Ƙanina, ƙara TdrDelay yana da wurinsa: mai aikin zane mai nauyi wanda katinsa lafiya yake, lissafin ne kawai ke wuce daƙiƙa 2. Ga na'ura mai ciwo kuwa, ka ce wa Windows ne ta daɗe tana jira, sai allon ya sandare na minti guda maimakon ya ƙifta ya dawo.

Gashi kuma ba na goyon bayansa ko kaɗan in za a karɓi kuɗin mutum a ce an gyara. Al'adar ta yaɗu ne tun matsalar Nvidia ta 2008, lokacin da GeForce 8400M da 8600M suka riƙa mutuwa a HP Pavilion dv6000 da dv9000 da wasu Dell, sai kuma MacBook Pro na 2011 mai katin AMD, wanda Apple ya buɗe wa shirin gyara a 2015. Tsagewar takan kasance ne a cikin ƙwayar, tsakanin gilashin da faifan da yake zaune a kai. Zafi na sa wurin ya haɗu na ɗan lokaci, bayan makonni ko watanni ya sake buɗewa, ga bod ya sha wuta a banza.

Ummu_Kwamfuta

Kafin a yanke wa kati hukunci a duba abu biyu. Caja: laftof mai kati na daban da ke son wat 130 ko 180, in aka ba ta ta 65 ko jabu, takan rage gudu sosai ko ta ɗauke in aiki ya yi nauyi. Dell ma takan faɗa tun wajen kunnawa cewa ba ta gane cajar ba, sau da yawa siririyar allurar tsakiya ce ta karye. Sai RAM: katin Intel ba shi da ma'ajiya tasa, daga RAM yake ɗiba, don haka sanda ɗaya mai matsala na iya kawo 4101 tamkar direba ne. A gwada da MemTest86, ko a cire sanda ɗaya a yi aiki da ɗayar, sannan a musanya.

Mai_Sukundireba_Maraɗi

In duk an wuce waɗannan, ga yadda mataccen kati ke nuna kansa. Na'ura na aiki a Safe Mode, amma da zarar direban Nvidia ko AMD ya hau sai ta sandare, kowane irin direba aka gwada. Device Manager na nuna Code 43. Ko a ga ɗigo-ɗigo kore da ruwan hoda da layuka a hoto. In layukan na canzawa idan ana motsa murfi, kuma talabijin da aka haɗa ta HDMI na nuna hoto tsaf, igiyar allo ce, kati bai da laifi.

In laftof ɗin mai kati biyu ce, a shiga Safe Mode a kashe na Nvidia ɗin a Device Manager, ko a BIOS in akwai zaɓin UMA ko Integrated. Za ta ci gaba da rubutu da intanet da bidiyo a kan na Intel. A dai gaya wa mai ita tun farko cewa wasa mai nauyi ya ƙare, kuma a wasu samfuran ramin HDMI zai daina aiki, domin kai tsaye yake haɗe da katin da aka kashe.